Ra'ana Liaquat Ali Khan: Matar firaminista da aikinta ya ci gaba bayan kisan mijinta

Ranar 16 ga Oktoban 1951, firaministan Pakistan na farko, Liaquat Ali Khan, ya tashi zai yi jawabi a wani taron jama'a a birnin Rawalpindi, sai wani mutum ya buɗe masa wuta. Kafin gari ya waye labarin rasuwarsa ya karaɗe ƙasar.

A birnin Karachi ya bar mata mai shekara 46 da 'ya'ya maza biyu ƙanana, ba tare da wata dukiyar a-zo-a-gani ba. Gonakin gado da yake da su ya baro su a Indiya lokacin da aka raba ƙasar, gidansu na Delhi kuwa ya bayar da shi ga gwamnatin Pakistan.

A al'ada nan ne labarin matar shugaba yake ƙarewa: miji ya bar kujera, ita ma a daina jin ɗuriyarta. Amma Begum Ra'ana ta ƙara kusan shekara 39 a duniya, kuma mafi yawan abin da ake tunawa da ita a kai, a cikin waɗannan shekarun ta yi shi.

Malamar kwaleji kafin aure

An haife ta a 1905 a garin Almora da ke yankin tsaunuka na arewacin Indiya, a gidan Kiristoci, aka raɗa mata suna Sheila Irene Pant. Ta yi karatu a birnin Lucknow har ta samu digiri na biyu a fannin tattalin arziki, a zamanin da 'ya mace ba kasafai take wuce firamare ba. Daga nan ta koyar a kwalejin mata ta Indraprastha a Delhi.

A farkon shekarun 1930 ta musulunta, ta ɗauki sunan Ra'ana, ta auri Liaquat, wanda a lokacin ɗan majalisa ne, ta zama matarsa ta biyu. A 1933 su biyun suka ziyarci Muhammad Ali Jinnah a Landan, suna cikin waɗanda suka roƙe shi ya koma gida ya ja ragamar jam'iyyar Muslim League. Jinnah ya koma, kuma shi ne ya jagoranci kafa Pakistan a watan Agustan 1947.

Sansanonin 'yan gudun hijira

Raba Indiya da Pakistan ya zo da zubar da jini. Miliyoyin mutane suka tsallaka iyaka ta ɓangarorin biyu, sansanonin da ke kewayen Lahore suka cika maƙil, cutar kwalara ta ɓarke. Ga shi sabuwar ƙasar na fama da ƙarancin ma'aikatan jinya, domin iyalai Musulmi da yawa ba sa ganin aikin ya dace da 'ya'yansu mata.

Ra'ana ba ta tsaya a rabon barguna ba. Ta tara mata 'yan sa-kai don kula da marasa lafiya da rabon abinci, ta kuma shiga rarrashin iyaye su bar 'ya'yansu su koyi aikin jinya.

Sai ta ƙara wani mataki da ya janyo mata surutu: ta kafa rundunar sa-kai ta mata, inda ake koya musu agajin gaggawa, fareti da riƙe makami. Hujjarta ita ce abin da ya faru lokacin rabuwar, da aka sace dubban mata aka ci zarafinsu. Wasu malamai suka yi tir da ganin mata cikin kaki suna fareti a bainar jama'a. Rundunar ba ta yi tsawon rai ba, aka rushe ta bayan wasu 'yan shekaru.

Ƙungiyar da ta rayu

Abin da ya ɗore shi ne ƙungiyar matan Pakistan, APWA, wadda ta kafa a 1949. Ƙungiya ce mai zaman kanta, da mambobi da rassa, ba wani ofishi a gidan firaminista ba. Shi ya sa da aka kashe Liaquat bayan shekara biyu, ba ta bi shi kabari ba. Ta buɗe makarantu, dakunan shan magani da cibiyoyin koyon sana'a, kuma har yau tana aiki.

A 1955, da firaminista Mohammad Ali Bogra ya ƙara aure, APWA ta fito da zanga-zanga. Matsin lambar ya sa gwamnati ta kafa hukumar duba dokokin aure, abin da ya kai ga dokar iyali ta 1961. Dokar ta wajabta rajistar aure, ta kuma ce mai son ƙara mata sai ya nemi izinin wani kwamitin sulhu. Malamai da dama sun ƙi amincewa da ita, kuma har yanzu ana muhawara a kanta a Pakistan.

Ƙungiyar ma ba ta tsira daga suka ba. Masu sukarta sun ce ta matan manya ce, matan ministoci da manyan jami'ai na birni, kuma ba ta taɓa talakar ƙauye yadda ya kamata ba.

Jakadiya, sannan gwamna

A 1954 aka naɗa Ra'ana jakadiyar Pakistan a ƙasar Holan, inda ta zauna har 1961, daga baya ta wakilci ƙasarta a Italiya da Tunisiya. Wasu na ganin tura ta waje wata hanya ce ta nesanta ta da siyasar cikin gida, amma ta riƙe aikin fiye da shekara goma.

A 1973 gwamnatin Zulfikar Ali Bhutto ta naɗa ta gwamnan lardin Sindh, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Ta sauka a 1976. Bayan shekara biyu Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar yabo kan kare haƙƙin ɗan Adam.

Ko da tsufa ya kama ta ba ta yi shiru ba. A zamanin mulkin soja na Janar Zia-ul-Haq, tana cikin waɗanda suka fito fili suka soki dokokin da take ganin sun tauye mata, a lokacin da sukar gwamnati ke da haɗari.

Ba a zaɓen matar firaminista, kuma ƙofofin da aka buɗe wa Ra'ana a 1947 albarkacin mijinta ne, wannan babu musu. Bambancin shi ne ta shigo da iliminta, ta kuma gina abin da bai dogara da kujerarsa ba.

Ta rasu ranar 13 ga Yunin 1990 a Karachi, tana da shekara 85. An binne ta kusa da mijinta a harabar kabarin Jinnah. 'Yan ƙasar na kiran ta Madar-e-Pakistan, wato Uwar Pakistan.