GAJIYAR ƘARFE DA LISSAFIN KWAMFUTA

Duk mun san cewa in mutum ya riƙe 'yar waya ya lanƙwasa ta sau ɗaya, ba za ta karye ba. Amma in ya yi ta lanƙwasawa yana miƙewa, a ƙarshe sai ta rabu biyu. Wannan shi ne abin da injiniyoyi suke kira gajiyar ƙarfe. Nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a lokaci guda ba, yakan karya shi in ya yi ta maimaituwa. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Abin yakan soma ne da 'yar tsaga wadda ido ba ya gani, yawanci a kusurwa, ko bakin rami, ko wurin walda. Duk lokacin da nauyi ya hau ya sauka, tsagar takan ƙaru kaɗan, har ranar da sauran ƙarfen ya kasa, ya karye farat ɗaya.

An sayi wannan ilimi da tsada. A shekarar 1842, sandar da ke riƙe ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye kusa da Paris a Faransa, mutane da yawa suka mutu. Daga baya wani injiniyan jiragen ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwada irin waɗannan sanduna. Ya gano cewa in aka rage nauyin da ke maimaituwa, ƙarfe yakan daɗe ƙwarai kafin ya karye. A shekarar 1954 kuma, jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sararin Bahar Rum. Masu bincike suka saka gangar jikin wani Comet cikin babban tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, har ta tsage daga wata kusurwa.

To, yaya ake sanin kwanakin ƙarfe? A shekarar 1945 M. A. Miner ya bayyana wata ƙa'ida mai sauƙi. Mu ɗauka wani ƙarfe zai jure babban nauyi sau 100,000 kafin ya karye. In ya ɗauka sau 50,000, ya cinye rabin ransa. Haka za a lissafta wa kowane irin nauyi, a tara. In jimla ta kai ɗaya, ƙarfen ya kai ƙarshe.

A da da hannu ake wannan lissafi. Yanzu akwai manhajojin kwamfuta, wasunsu a intanet, da ke yin sa nan take. Injiniya yakan shigar da irin ƙarfen, da siffarsa, da santsin fuskarsa, da nauyin da zai riƙa ɗauka, sai manhaja ta ba shi kiyasi.

Sai dai mu lura, kiyasi ne kawai. Ƙarfe biyu iri ɗaya sukan bambanta sosai a gwaji. Kwamfuta kuma ba ta san da tsatsa ko mugunyar walda ba, in ba a gaya mata ba. Shi ya sa injiniyoyi sukan bar rara mai yawa, su kuma riƙa duba ƙarfen a kai a kai.

Ku ɗalibanmu masu sha'awar aikin injiniya, ku riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Wata rana rayukan matafiya za su rataya a kan lambobin da kuka shigar.