Tsohuwar Fam-akshan da Farautar Tsuntsu: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Duk inda mafarauta suka zauna aka kawo zancen fam-akshan, bindigar nan da ake jan katakon ƙarƙashinta baya a mayar gaba, ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi, kowa da tasa fatawar. Wannan ya ce sayen ta hannu asarar kuɗi ne. Wancan ya ce in dai bakinta dogo ne, ko ina ɗinya ta kai a sama sai ta sauko. Cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai rabi-da-rabi, akwai kuma waɗanda ke iya raba mutum da yatsunsa ko su kai shi gidan yari.

Maganar cewa tsohuwa ta gama aiki ba haka take ba. A Amurka, inda aka ƙera mafi shaharar irin waɗannan bindigogi, mafarauta da yawa na fita da wadda suka gada. Kamfanin Remington ya fito da samfurin 870 a 1950, kuma an ƙera fiye da miliyan 11. Winchester Model 12 ta fito tun 1912, Ithaca 37 a 1937, Mossberg 500 a farkon shekarun 1960. Har gobe ana samun su a kantunan bindiga na can, ana saye ana shiga daji da su. Dalilin juriyarsu ba ɓoyayye ba ne: hannun mai harbi ne injinta, kayan cikinta kaɗan ne, don haka abin lalacewa ma kaɗan ne. Abin da ke kashe bindiga tsatsa ce da sakaci, shekaru kuwa ba su cika yi mata komai ba.

Saboda haka mai duba ta hannu ya bar tambayar shekarunta, ya duba jikinta. Da farko ya tabbatar da idonsa da yatsansa cewa babu harsashi a ciki, ko mai ita ya rantse. Sai a cire bututun a ɗaga shi saitin haske a leƙa. Lafiyayye za ka ga cikinsa sumul yana ƙyalli, zoben haske na bin juna har ƙarshe. Baƙaƙen ramuka ƙanana alamar tsatsa ta ci ƙarfe ne. Daga nan a shafa bayan bututun da yatsu a hankali tun daga gindi har baki. Idan yatsa ya ji wani ɗan tudu da ido bai gani ba, to an taɓa harbi alhali laka ko wani abu ya toshe hanya, ƙarfen ya kumbura, kuma wurin nan ya yi rauni har abada. A duba tsaga a katakon gindi daidai inda ya haɗu da ƙarfe. A tura katakon gaba a ji ya kulle, kada ya dawo baya sai an danna maɓallinsa. Wadda aka yi wa walda, ko aka yanke mata baki, ko aka kankare lambarta, ba a ma tsaya ciniki.

Ji-ta-ji-tar da ta fi tayar mini da hankali ita ce: “Harsashin da ya shiga, ai ya yi.” Ƙarya ce mai haɗari. A jikin bututu akwai rubutun da maƙera suka buga, yawanci lamba 12 ko 16 ko 20, sannan tsawon ɗakin harsashi, inci 2¾, wato milimita 70, ko inci 3, milimita 76. Tsawon da ake rubutawa a kwalin harsashi na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi. Shi ya sa harsashin inci 3 da bai tashi ba ke shiga ɗakin inci 2¾ lafiya lau, bindiga ta kulle ba gardama. Amma in ya tashi, bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, sai ya matse hanyar fita, ƙarfin albarushi ya hau fiye da abin da aka gina bindigar a kai. Gajere a dogon ɗaki babu laifi, dogo a gajeren ɗaki shi ne matsalar. Wasu bindigogin da suka tsufa sosai ɗakinsu bai ma kai inci 2¾ ba, sai ƙwararre ya auna.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Harsashi mai lamba 20 ya fi mai lamba 12 sirantaka. In ya faɗa cikin bindiga mai lamba 12, sai ya zurma gaba ya maƙale a cikin bututu, ɗakin ya zama kamar babu komai. Mai harbi ya ja kunama ya ji shiru, ya ɗauka ya manta bai ɗura ba, ya zura mai lamba 12 a bayansa. Bututun na iya tarwatsewa daidai inda hannunsa na gaba yake riƙe. Wannan ne ya sa masu ƙera harsashi a Amurka suke yin na lamba 20 da launin rawaya. Kada a haɗa iri biyu a aljihu ɗaya.

Batun dogon baki kuwa, gaskiyarsa kaɗan ce. Albarushin zamani kan gama mafi yawan aikinsa tun kafin ƙwayoyin dalma su yi nisa a cikin bututu, don haka tsakanin mai inci 26 da mai inci 30 bambancin gudu ba wani abin kirki ba ne. Amfanin tsawon shi ne hannu ya fi bin tsuntsu a natse. Abin da ke tara ƙwayoyi ko ya baza su shi ne matsewar da aka yi wa bakin daga ciki. Masu gwaji na zana da'ira mai faɗin inci 30 a nisan yadi 40: matsattsen baki kan zuba kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin a cikinta, mai ɗan sassauci kusan rabi. Fakarar da ta tashi fir daga gabanka ta fi son mai sassauci. Ko wane baki ne, in an wuce mita 35 zuwa 40, raunata tsuntsu ake yi, ya je ya mutu a wahale inda ba wanda zai yanka shi. Su kuwa ƙwayoyin ba su tsaya nan ba, suna kai kusan mita 200, manyan ma su wuce, kuma a nisan da ba sa kashe zabuwa suna iya tsiyayar da idon yaron da ke kiwo a bayan kurmi.

“Na sa makulli, ba za ta tashi ba.” A samfura irin 870, makullin nan kunama kawai yake tarewa, abin da ke dukan harsashi yana nan a ɗane. Tsofaffin Model 12 da Ithaca 37 na farko-farko kuma suna da wata ɗabi'a: in yatsa na kan kunama aka turo katako gaba, nan take take tashi. Wanda zai hau babur, ko ya shiga kwalekwale, ko ya tsallake rafi, ya fitar da harsashi tukuna.

Zancen da ake wa dariya, cewa dalmar harsashi na kashe tsuntsun da ba a ma harba ba, shi ne gaskiya tsantsa. Ƙwayoyin da suka kuskure suna nutsewa a taɓo, agwagwa ta haɗiye su tare da tsakuwar da take niƙa abinci da ita, gubar ta shiga jininta. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar a 1991, tun 1935 kuma ta taƙaita bindigar farautar tsuntsaye masu ƙaura ga harsashi uku. Haɗarin gubar dalma ya shafi duk wata fadama, har da dausayin Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu. Sai dai ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbin dalma ba sa lanƙwasa, suna iya kumbura matsattsen bakin tsohuwar bindiga da ba a ƙera ta don su ba.

Duk wannan bayani na ƙarfe ne. A Najeriya akwai tambayar da ta riga shi, kuma nan ne aka fi yaudarar mutane. Ana cewa fam-akshan bindigar farauta ce kamar mai baki biyu. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai, masu lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai bindigar toka da dangoginta, da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar tsuntsu na rukuni na biyu, amma dokar ta cire masu sarrafa kansu da duk wadda ke da wata na'urar ɗura harsashi. A 2018, da rundunar 'yan sanda ta ba da wa'adin miƙa haramtattun makamai, ta lissafa fam-akshan a ciki. Shekara guda kafin nan, kwastam sun kama guda 661 a Legas a watan Janairu, sannan wasu 1,100 a watan Satumba. A 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Riƙe haramtacciyar bindiga ba izini hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba.

Mai sayarwa zai ce maka, “Alhaji, ai da takardarta.” Takardar tasa ce, da sunansa, ba ta bin bindiga zuwa hannun wani. Doka ta hana a sayar wa ko a miƙa wa mutum bindiga sai ya nuna nasa lasisin. Gado ma bai tsallake wannan ba. In mai lasisi ya rasu, kwana 14 doka ta ba wanda kayan mamacin ke hannunsa ya riƙe ta. Iyalin da suka tarar da bindigar mahaifinsu a bayan sif, ofishin 'yan sanda ya kamata su sanar tun kafin a zauna rabon gado.