Tsarin Sa-kai na Kula da Muhalli a Ƙananan Masana'antu

Ma'aunin ISO 14001, wanda aka fitar a 1996 aka yi masa gyara a 2004 da 2015, ba doka ba ne. Kamfani ne ke ɗora wa kansa shi. Bai ƙayyade yawan gurɓataccen ruwa ko hayaƙin da za a iya fitarwa ba. Abin da yake buƙata shi ne mai sana'a ya gano inda aikinsa ke cutarwa, ya ƙudurta manufa, ya aiwatar, ya riƙa bibiya da gyara. Da yake kuɗin tantancewa kan yi wa ƙananan kamfanoni nauyi, an samar da ISO 14005 a 2010 domin bi daki-daki.

Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano misali ne: ana iya ware sinadarin kuromiyam daga ruwan jima a sake amfani da shi, a rage asara. Sai dai kalmar "sa-kai" kan ruɗar da wasu. Neman takardar shaida tamkar nafila ne, amma kawar da cuta daga manomin da ke ban-ruwa da kogin wajibi ne a fiƙihu, ko da jami'an NESREA ba su zo bincike ba.