Sarauniyar da ba ta jira ɗan sarki ba

Duk wanda ya tashi a Gidimuni ya san yarinyar tatsuniya. Marainiya ce, 'yar bora, kishiyar uwa ta tura ta rafi mai nisa wanki, ta yi haƙuri, ta gaida tsohuwar da ta tarar a hanya, daga ƙarshe ɗan sarki ya aure ta. Wadda ta cika zaɓen miji kuwa, sai ta ɓuge da auren dodo. Ko a Daura, Daurama na kan gado amma sai da baƙo ya zo ya kashe macijin Kusugu.

Wani mutumin gabas, Abdullahi Mamani, ya ƙi wannan tsari. An haife shi a Gudumariya a 1932, kan hanyar nan da ta ratsa Gidimuni da Gure. Ya yi siyasar Sawaba a Damagaram, ya yi gudun hijira a Aljeriya. A 1980 ya fito da littafinsa Sarraounia da Faransanci.

Asalin labarin ba ƙage ba ne. A watan Afrilu 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Konni daga baya, ta isa Lugu a ƙasar Arewa. Sarakuna da yawa sun miƙa wuya. Sarauniya Mangu da Azna maharba suka tare ta da kibau, sannan suka janye cikin kurmi. Ragowar rundunar nan ce ta ci Zinder a wannan shekarar, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Nasara sun ambaci Mangu a 'yan layuka kawai, matsafiya suka kira ta.

Mamani ya ɗauko waɗannan 'yan layuka ya gina mace. A littafinsa ita ma marainiya ce, amma maimakon wanke-wanke sai Dawa, aminin ubanta, ya koya mata harbi da baka da sanin saiwoyi. Ba ta jiran kowa ya cece ta. Mai shirya fina-finai Med Hondo ya mai da labarin fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, fim ɗin ya ci babbar lambar bikin fina-finai na FESPACO a 1987.

Ni dai ina ganin Mamani ya ɗan yi son kai irin na maza: sai da ya rataya mata kwari kafin ya yarda jaruma ce. A Lugu ƙarfin Sarauniya yana cikin ɗakinta ne, inda take zaune a killace tana tsare al'adar gari. Sarauta ce da mata suke gada, kuma gawar wadda ta rasu ake ɗauka a kai, ita ke nuna magajiyarta. Tarkama ake kiran wannan. Wace tatsuniya ce ta taɓa ba yarinya irin wannan iko?

Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota, yana hanyarsa daga Zinder zuwa Yamai karɓar lambar yabo ta Bubu Hama.