Aikin Ma'aikacin Cikin Jirgin Ƙasa Mai Tuƙa Kansa da Wurin Tsayuwarsa

Gabatarwa

Mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sun daɗe da sanin jirgin ƙasa ta hanyar tashar Funtuwa, wadda take kan layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a shekarar 1929. A wancan tsari kowane ma'aikaci da wurinsa. Direba yana can gaba a kan jirgi, gadi yana taragon baya da usur da tutocinsa, mai duba tikiti kuwa yana zagayawa cikin fasinjoji. To, yau ga shi an ƙera jiragen cikin gari waɗanda kwamfuta ke tuƙa su. Abin tambaya shi ne, idan na'ura ta karɓi tuƙi, wane aiki ya rage wa ɗan'adam, kuma a ina ya kamata ya tsaya?

Matakan Tuƙin Na'ura

Masana sun kasa wannan al'amari zuwa matakai huɗu. A mataki na farko direba ne ke tuƙi, na'ura tana tsare shi daga wuce gona da iri. A na biyu na'ura ke tuƙi, amma direba na zaune a gaba yana rufe ƙofofi, kamar layin Victoria na birnin Landan da aka buɗe a 1968. A na uku babu ɗakin direba ko kaɗan, sai ma'aikaci guda a cikin fasinjoji. A na huɗu kuwa jirgi na iya tafiya ba kowa, kamar na birnin Lil a Faransa tun 1983, da na Dubai tun 2009. Mataki na uku shi ne abin nazari a nan, kuma fitaccen misalinsa shi ne jirgin Docklands na gabashin Landan, wanda ya fara aiki a 1987.

Ayyukansa

Babban aikin wannan ma'aikaci shi ne sallamar jirgi daga tasha. Yakan sa mabuɗinsa a wani ɗan akwati da ke gefen ƙofa, ya leƙa ya duba dandamali, ya tabbata ba wanda ƙofa za ta kama, sa'an nan ya rufe, jirgi ya tashi da kansa. Na'ura ta san nisa da gudu sarai, amma ba ta san tsohuwar da ke jan ƙafa ba, ko yaron da ya kuɓuce daga hannun uwarsa. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Bayan wannan, shi ke duba tikiti, ya yi sanarwa, ya taimaki naƙasassu da baƙi. Har ila yau, shi ne bakin jirgi wurin magana da ɗakin kula da zirga-zirga ta rediyo. In na'ura ta sami tangarɗa, sai ya buɗe makaman tuƙi da aka kulle a gaban kujerun farko, ya ja jirgin da hannu bisa umurnin ɗakin. In kuwa hatsari ya auku, shi zai fitar da jama'a cikin natsuwa.

Wurin Tsayuwarsa

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa ba a ajiye shi gaba ba. Aiki ke zaɓar wa mutum wuri. Tun da yake mafi yawan haɗari yana bakin ƙofa ne a lokacin hawa da sauka, can ya kamata ya tsaya, a ƙofar da zai hangi dandamali daga wannan kai zuwa wancan. Bugu da ƙari, tsofaffin jiragen Docklands haɗi ne na ɓangare biyu ko uku waɗanda ba a ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya ta ciki, saboda haka sai ya sauya ɓangare a tasha, don kada wasu fasinjoji su yi tafiyarsu duka ba su ga ma'aikaci ba. Kujerar gaba kuwa ta zama ta fasinja, sai fa in an bukaci tuƙin hannu.

Kammalawa

Jirgin cikin gari na Abuja da aka buɗe a 2018, da shuɗin layin Legas na 2023, duk direbobi ke jan su. Amma tun da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina a 2021, samarin wannan jiha suna da dalilin duba irin horon da aikin jirgi ke bukata. Na'ura ta haɗa aikin gadi da na mai tikiti da ragowar na direba a wuyan mutum guda. Wanda zai ɗauki wannan nauyi dole ya iya na'ura, ya kuma iya jama'a.