Zawon Ɗan Maraƙi Zuciya Yake Tsayarwa

Masu shanu na Maraɗi da Tibiri, da ku masu turke a gefen gonakin rani na Jiratawa, ku bar cewa "zawo ne, zai tsaya da kansa."

A daminar bara na tsuguna gaban wata 'yar maraƙa mai kwana 9 a wani gida kan hanyar Tibiri. Idanu sun zurma, baki sanyi ƙalau. Na tsunkuli fatar wuyanta, ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Na sa mata yatsa a baki, ko motsa harshe ba ta yi ba. Mai gidan, dattijo, ya ce, "Ai da sauƙi, ɗana, tun asuba ta natsu." Na ce, "Baba, bari in ji ƙirjinta." Na ɗora tafin hannu a hammatarta ta hagu, na ji bugun yana jan ƙafa, ya yi uku ya tsallake ɗaya. Ba ta kai la'asar ba.

Wannan natsuwar ce nake tsoro. Zawo yana kwashe ruwa da gishiri, jini ya yi kauri ya yi tsami, fitsari ya ɗauke. Sinadarin potasiyom, wanda mazauninsa cikin tsoka ne, sai ya malalo cikin jini, ƙoda kuma ta kasa fitar da shi. Jikin yana asararsa a zawo, amma jinin yana cika da shi. A lafiyayyen maraƙi bai cika wuce milimol 5 da ɗoriya a kowace litar jini ba. In ya doshi 8, zuciyar da ke buga sama da sau 100 a minti ɗaya sai ta rikice, ta sauko ƙasa da 90, ta riƙa tuntuɓe har ta tsaya.

Cutar kuma ba ta tsayawa kan ɗaya. Ƙwayar E. coli tana kama maruƙa a kwanakin farko, rotavirus da kiriptosporidiyom daga mako 1 zuwa 3, duk ta kashi. Turke mai laka da ƙwarya ɗaya ta shan ruwa sun isa su yaɗa cutar a garke. Ita kiriptosporidiyom har yaran gida takan kama, don haka a wanke hannu da sabulu.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin da muke yi. A sayo allura a kasuwa a soka, a zauna jira. A yanke wa maraƙi nono, alhali yunwa ƙara kayar da shi take. A ɗura masa jiƙon kanwa yana kwance bai iya haɗiya, ya bi ta huhu.

A bar jinjirin maraƙi ya ƙoshi da dakashi cikin awa 6 na farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya ƙara karɓar kariyar da ke ciki. Wanda zawo ya kama a ware shi a busasshen wuri. In yana tsaye yana tsotso, a ba shi ruwan gishiri da gulukos tsakanin shan nono. In kuwa ya kwanta, baki ya huce, tsotso ya ɗauke, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, mai bikarbonat da gulukos da za su mayar da potasiyom cikin tsoka, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne. Daga Tibiri ko Jiratawa zuwa Maraɗi tafiyar babur ce. Ku kira likita a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.