Labarin Jirgin Nutso na Farko a Ƙasar Holan

Ya kai mai karatu, ka san jirgin ruwa bisa ruwa ya ke tafiya, in ya nutse kuwa ya hallaka ke nan. To, amma akwai wani iri wanda a ke ƙera shi musamman don ya nutsa, ya yi tafiyarsa a ɓoye, sa'an nan ya taso lafiya lau. Ga labarin na farkon da mutanen Holan suka mallaka.

Holan wata 'yar ƙasa ce a Turai, a bakin teku. A shekarar 1904 wani kamfani mai suna De Schelde ya soma ƙirar jirgin a garin Vlissingen. Ba gwamnati ta sa su ba, kasada suka yi da dukiyarsu, in an ƙi saye hasara tasu. Fasalin ƙirar daga Amurka suka samo shi. A 1905 aka tura shi ruwa, aka sa masa suna Luctor et Emergo, watau “Ina fama, ina tasowa.” Wannan shi ne kirarin lardin da garin ya ke ciki, ya kuwa dace da jirgin.

Ranar 21 ga Disamba, 1906, sojan ruwa suka karɓe shi, suka sake masa suna O 1. Tsawonsa kamar ƙafa 67 ne, mutum 10 ke aiki cikinsa.

Watakila ka ce, ƙaƙa ya ke nutsewa? Akwai waɗansu tankuna a jikinsa. In an so nutso, sai a buɗe su ruwa ya shiga, jirgi ya yi nauyi, ya sauka. In an so tasowa, sai a kore ruwan da iska mai ƙarfi wadda aka matse aka ajiye. A bisa ruwa injin fetur ke tafiyad da shi, a ƙarƙashi kuwa lantarkin batir, don injin fetur ba ya aiki sai da iska. Amma fetur a rufaffen wuri mugun abokin zama ne. Tururinsa na sumad da mutum, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa ya ta da gobara inda babu mafita. A 1914 aka ɗebe injin nan, aka sa na dizal.

Cikin shekaran nan Babban Yaƙi ya tashi. Holan ba ta shiga ba, saboda haka O 1 bai taɓa gwabzawa da abokan gāba ba. A 1920 aka sallame shi daga aiki.

Kada ka rena shi don bai ci kowa da yaƙi ba. A cikinsa ne sojan Holan suka fara koyon nutso da tasowa, da haƙurin zama cikin ƙunci. Waɗanda suka ƙware suka koya wa na baya. Shi ya sa rundunar jiragen nutso ta Holan ke lissafin shekarunta daga ranar da aka karɓe shi.